Gidan Madugu

A shekarar farko ta sarautar ƙaramin ɗan tsohon Sarki, ƙarshen bazara, lokacin da hadari yake haɗuwa kullum yana watsewa ba ɗigon ruwa, aka rufe ƙofofin babban birni, aka tokare su da gumagumai. Tsohon Sarki ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu. Masu zaɓe suka tsallake babban, wanda ake kira Yarima, suka naɗa ƙanensa, domin sun san ƙanen zai fi jin maganarsu. Ranar naɗin aka zare takubba a cikin fada, kuma a cikin hargitsin wuta ta kama ɗakin takardu. Har yau ba a san wanda ya kunna ta ba, kowane ɓangare yana ɗora wa ɗan'uwansa. Yarima ya sha da ƙyar, ya fita ya tara runduna, ya dawo ya yi wa birnin zobe.

Wanda bai san ɗakin nan ba, ba zai gane girman asarar ba. Birni ne mai yawan jama'a, gida manne da gida, kuma babu gida ko rijiya ko rumfar kasuwa da ba a rubuta mai ita a ɗakin ba, da iyakokinta, da yadda aka yi ya same ta. Dokar birnin kuwa tun kaka da kakanni ita ce aure ba ya haɗa dukiya. Abin da mace ta gada ko aka ba ta nata ne, abin miji nasa ne, ko da sun tsufa a ɗaki ɗaya. Idan miji ya yi laifin da za a ƙwace dukiyarsa, ba a taɓa ko tsintsiyar matarsa. Takarda ce take riƙe da wannan duka, ga shi takarda ta zama toka.

Da zaman ya yi tsawo, hatsi ya fara ƙaranci, sai Waziri ya kawo shawara, Sarki ya amince. Aka yi shela cewa duk namijin da aka gani a sansanin Yarima ɗan tawaye ne, jininsa ya halatta, gidansa ya koma baitulmali, mutanen gidan kuma a fitar da su ta ƙofar birni, domin birni ba zai ciyar da iyalin maƙiyinsa ba. To, fitar nan ita ce abin tsoro. Tsakanin ganuwa da ramin da Yarima ya haƙa akwai wani fili, ba inuwa ba ruwa, kuma Yarima ba ya barin kowa ya haye, don yana so kukansu ya karya zuciyar na ciki. Mutanen unguwannin da ke jikin ganuwa suna jin muryoyin waɗanda aka fitar, da farko da ƙarfi, daga baya a hankali, sannan sai a wayi gari a ga ungulaye suna shawagi.

Tun da babu takarda, Waziri ya sa aka sake rubuta gidajen birni ta hanya mafi sauri. Magatakarda da sanƙira da dogarai suna bin unguwa-unguwa, a tsaya a ƙofar gida, sanƙira ya ɗaga murya ya tambayi maƙwabta: "Gidan wa ne?" Abin da unguwa ta amsa shi za a rubuta. Kowa ya yaba da dabarar, don wa ya kai maƙwabci sanin mai gida?

A wata unguwa da ke jikin ganuwar gabas akwai wata mata da ake kira 'yar marini. Dattijuwa ce mai ƙarancin magana, faratanta har yanzu da sauran shuni. Mahaifinta marini ne, shi ya gina gidan da take ciki, da rijiya a tsakar gida, da dogon bene inda yake shanya zannuwa. Tun yana raye ya ba ta gidan kyauta a gaban shaidu, aka rubuta a fada. Mijinta kuwa ya zo birnin ne yana saurayi mai jan raƙuman wani, ba shi da komai sai sanda da salkar ruwa. Da aka ɗaura musu aure, shi ne ya tare a gidanta.

Kun san bakin mutane. Idan ya fito da safe, samarin unguwa su ce, "Amarya ta fito, a ba ta hanya." Idan ya zauna a majalisa, wani ya tambaye shi ko ya nemi izinin fita. Yana dariya tare da su, amma ita ta lura yakan dawo ya tasa abinci a gaba ya kasa ci. Abin ya dame ta ƙwarai, domin tana son mutumin nan. Sai ta ɗauki mayafinta ta bi dattawan unguwa gida-gida, ta durƙusa ta roƙe su su riƙa kiran gidan da sunansa. Duk matar da ta ce "gidanki" sai ta sha faɗa. Har akwai shekarar da suka yi rigimar kwata da wani maƙwabci, aka je gaban Alƙali, ta ce da bakinta, "Gidan maigidana ne." A hankali mai jan raƙuma ya zama madugu mai jagorantar ayari, sunan ya zauna daram, masu tsokanar suka tsufa suka manta. Yaran da aka haifa daga baya, har da 'yarta ta cikinta, ba su san wani suna ba sai gidan madugu.

Lokacin da aka rufe ƙofofi madugu yana kan hanyar dawowa, ayarinsa ya faɗa hannun Yarima. Da Yarima ya gane ya kama mutumin da ya san kowace rijiya da kowace ɓarauniyar hanya ta ƙasar, sai ya tilasta masa jagorantar raƙuman da ke kawo wa runduna hatsi. Masu gadin ganuwa suka hango shi, labari ya kai fada.

Ranar da masu rubutu suka iso ƙofarta, 'yar marini tana tsaye a bayan ƙyauren zaure. Ta ji sanƙira ya ce, "Jama'ar unguwa, gidan wa ne?"

Unguwa ta amsa baki ɗaya, yara suka fi kowa ɗaga murya: "Gidan madugu ne!"

Shekarun da ta yi tana koya musu wannan amsar, ga shi sun iya ta sarai. Ta buɗe ƙyaure ta fito ta ce, "Malam, ka dakata da alƙalaminka. Gidan nan nawa ne, ubana ya ba ni."

Mutane suka dubi juna. Wata mata ta ce a hankali, "Baiwar Allah, tsoro ya taɓa ta." Wani tsohon maƙeri ne kaɗai, cikin dattawan da ta roƙa a da, ya dogara sanda ya ce gaskiya ta faɗa, yana nan aka yi kyautar. Magatakarda bai ko ɗaga kai ba. Ya ce shi abin da unguwa ta faɗa ya rubuta, mai ƙorafi ya je gaban Alƙali. Dogari ya shafa farar ƙasa a ƙyauren, alamar gidan da za a kwashe mutanensa.

Washegari ta je zauren shari'a tare da maƙerin. Alƙali tsoho ne mai tsoron Allah, amma ranar ba shi kaɗai ba ne. Waziri yana zaune a gefe a kan buzu yana jan carbi, abin da bai saba yi ba a ƙarar talaka. Ta durƙusa ta faɗi maganarta daga farko har ƙarshe, maƙeri ya ba da shaida.

Alƙali ya dubi maƙerin ya ce, "Kai da wane suna kake kiran gidan nan duk shekarun nan?"

"Allah ya gafarta malam, gidan madugu nake cewa. Ita ta roƙe mu."

"Mutumin da ya tsufa yana faɗin magana ɗaya, shari'a ba za ta karɓi akasinta daga bakinsa rana guda ba, balle ranar da akasin zai ceci maƙwabciyarsa." Ya juyo gare ta, muryarsa ta yi taushi. "Ke kuma, 'yata, ban manta ki ba. A nan wurin kika durƙusa a kan maganar kwata. Me kika ce mini?"

Ta sunkuyar da kai. "Na ce gidan maigidana ne."

"Ƙarya kika yi a gabana ran nan, ko yau kike yi?"

"Allah ya gafarta malam, ran nan mutuncin mijina na rufa. Yau kuwa ran uwata da 'yata da jikana nake nema. Tsohuwata ba ta gani, 'yata ko arba'in ba ta yi ba, mijinta ya mutu a kan ganuwar nan yana yi wa Sarki yaƙi. Idan aka fitar da mu, ka san abin da ke wajen."

Alƙali ya shafa gemunsa, kuma duk wanda ke wurin ya ga ya yarda da ita. Amma ya ce, "Zuciyata ta gaskata ki. Sai dai ba da zuciya ake yanke hukunci ba. Takarda ta ƙone, unguwa ta yi magana, ke ma kin yi."

Sai a lokacin Waziri ya ajiye carbi. Cikin ladabi ya ce, "Malam, ka gyara mini in na yi kuskure. Ba an ce idan mutum ya yi iƙrari a kan kansa cewa abu ba nasa ba ne, iƙrarin ya rinjayi kowace shaida ba?"

Alƙali ya dube shi. "Haka ne, ranka ya daɗe. In ya faɗa da bakinsa, a zauren nan, a gaban jama'a."

"To ai magana ta yi sauƙi," in ji Waziri. "Madugu ya zo ya faɗa. Za a buɗe masa ƙofa. A jinkirta wa baiwar Allah zuwa tsayuwar sabon wata, kada a ce fada ba ta da tausayi."

Nan take ta gane ba gidan ake so ba. Me Waziri zai yi da gidan marini? Mutumin da yake ciyar da rundunar Yarima ake so ya shigo da ƙafarsa, kuma shelar da ta halatta jininsa tana nan ba a janye ba. Ta buɗe baki ta ce, "Ranka ya daɗe, in ya shigo, zai fita?" Waziri ya ɗauki carbinsa ya ci gaba da ja.

Tun daga yinin nan sanƙira ya fara hawa ganuwa safe da yamma yana shela ta fuskar sansani: an shafa wa gidan madugu farar ƙasa, za a fitar da mutanensa da tsayuwar wata, sai fa in shi ya zo ya yi iƙrari. Muryarsa tana shigowa har tsakar gidanta.

To, akwai wata yarjejeniya tsakaninta da mijinta tun suna da ƙuruciya. Benen gidan ya ɗara ganuwa tsawo, ana hango shi daga hanyar ayari. Idan madugu ya dawo daga tafiya ya ga farin zane a shanye a kan benen, to akwai annoba ko fitina a gari, kada ya shigo. Ranar da aka sauke zanen kuwa, alama ce ta ya shigo. Da ta dawo daga zauren shari'a ba ta zauna ba, ta buɗe adaka ta ɗauko farin zane mafi faɗi, ta hau bene ta ɗaure shi a igiyar shanya, ta ƙulle kowace kusurwa.

Tana saukowa ta tarar da 'yarta a gindin matakala, jariri a kafaɗa. Yarinyar ta san ma'anar zanen, don tun tana ƙarama ake aiken ta ta shanya shi.

"Inna, me kika yi?"

"Abin da kika gani."

"Kin ce wa Baba kada ya zo." Ta gyara jaririn a kafaɗa. "Mu kuma fa? Kina jin waɗanda ke bayan ganuwa kamar yadda nake ji. Jiya wata ta yini tana kiran sunan ɗanta. Yau kin ji ta?"

"Ubanki ne. Yanka shi za su yi."

"Na sani! Kina tsammani ban sani ba?" Ta fashe da kuka, ta miƙo jaririn. "Wannan kuma ɗan wa ne? Ki dube shi mana, Inna. Ke kika yi ƙaryar nan tun ba a haife ni ba, ni ko sani ban yi ba, yanzu shi zai biya?"

'Yar marini ba ta karɓi jaririn ba, ba ta kuma dube shi ba, don ta san in ta dube shi za ta koma benen. Daga cikin ɗaki tsohuwarta ta yi gyaran murya ta ce, "Tun ran da kika ɗauki mayafi kina bin gidajen mutane na ce miki gidan ubanki ba riga ba ne da ake ara wa miji. Kika ce na cika surutu. Ni dai tawa ta ƙare, ko a ciki ko a waje ƙasa ɗaya ce. Amma ki sani, duk wanda kika zaɓa, ɗayan zai bi ki har kabari."

"Iya, ki yi mini addu'a kawai."

"Ita nake yi. Ban san me zan roƙa ba ne."

Haka kwanaki suka yi ta tafiya, wata yana ƙanƙancewa. Gidan ya zama kamar gidan makoki tun ba a yi mutuwa ba. 'Yarta ta daina yi mata magana, sai dai ta ajiye mata ruwa ta wuce. Maƙwabtan da suka amsa wa sanƙira suka daina haɗa ido da ita, wasu ma suka daina zuwa ɗibar ruwa a rijiyarta don kunya. Kullum da safe takan hau bene ta duba ƙullin zanen, ta dubi tantunan Yarima da hayaƙinsu, ba ta yarda idonta ya sauka kan filin da ke ƙasa. Dogarin da aka sa gadin ƙofarta ya taɓa tambayarta wane irin zane ne wannan da ba ya bushewa. Ta ce aikin marina ne, ba zai gane ba.

Ana saura kaɗan wata ya ɓace, da la'asar, hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, kuma wannan karon bai watse ba. Iska ta fara kaɗa ƙyamare, aka yi tsawa, birni gaba ɗaya ya ruɗe, mata suna fito da tukwane da ƙore. Ita kuwa 'yar marini ce. Tun tana yarinya babu laifin da ubanta yake dukanta a kansa kamar ta bar zane ruwa ya taɓa shi, kuma duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa jin ƙamshin ruwan farko ba face ƙafafunta sun nufi bene. Ba ta farga ba sai ganin kanta ta yi a tsakar gida, yayyafi yana sauka, farin zane a ninke a ƙirjinta, ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Ta tsaya ta dubi zanen, ta dubi matakala. Da sauran haske, wanda ke sansani zai iya ganin igiya babu komai. Matakalar nan ba ta da tsawo, yanzu ta sauko daga kanta. Sai jaririn ya tsala kuka a ɗaki, ta ga 'yarta a bakin ƙofa tana kallonta. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, 'yar marini tana nan tsaye yana dukanta, har zanen da ta ceto ya jiƙe sharkaf a hannunta. Ba ta hau ba.

Masu ba da labari sun saɓa a nan. Wasu sun ce hannunta ne ya sauke zanen, wasu sun ce zuciyarta ce. An ce ita kanta da aka tambaye ta bayan ta tsufa tukuf, ta ce saukewar dai ba ta san ta yi ba, amma tsayuwar ta sani.

Da gari ya waye nadama ta kama ta, ta ɗauki zanen ta hau bene da sauri. Tana ɗaura kusurwar farko ta hango mutum ɗaya ya haye ramin Yarima, yana ratsa filin nan da ƙafa, yana kauce wa abin da ke kwance a ƙasa. Ba makami a hannunsa sai sanda. Ko daga nesa ta san tafiyar, tafiyar mutumin da ya saba jan raƙumi a bayansa. Ta ɗaga zanen da hannu biyu tana kaɗawa, tana ihu ya koma, amma bai ɗago kai ba har ganuwa ta tare mata shi.

Kafin ta isa zauren shari'a ya cika ya batse, unguwarsu kaf tana wurin. Madugu yana durƙushe tsakanin dogarai, ya rame, gemunsa ya yi fari fiye da yadda ta san shi. Ya gai da Alƙali, ya gai da Waziri, sannan ya yi magana da muryar da ya saba tsai da ayari da ita.

"Allah ya gafarta malam, jama'a su shaida. Gidan da ake kira nawa ba nawa ba ne. Ko tubali ɗaya ban sa a cikinsa ba. Na shigo garin nan da sanda da salka, matar nan ta ba ni ɗaki, ta ba ni abinci, raƙumin farko da na mallaka ma da awarwaronta aka saye shi. Wasu daga cikinku sun tuna abin da suke kirana da shi a ƙofar gida. Gaskiya kuka faɗa, ni ne amaryar, ni aka kai. Ta rufa mini asiri na yi shiru ina jin daɗi, ana cewa gidan madugu ina amsawa. Da namijin kirki ne ni da tuni na faɗi wannan maganar."

Tsofaffin da suka yi masa ba'a suna samari suka sunkuyar da kai, maƙeri yana share ido da hannun riga. Alƙali ya ce iƙrari ya tabbata, gida na 'yar marini ne, a wanke farar ƙasa daga ƙyaurenta. Waziri ya ɗaga wa dogarai yatsa, amma madugu ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan tashi ba sai na ga an rubuta. Kuma a rubuta biyu, ɗaya a fada, ɗaya a hannunta. Na ji labarin yadda wuta take yi da ɗakin takardunku." Alƙali bai jira izinin kowa ba, ya karɓi alƙalami daga hannun magatakarda ya rubuta da kansa, ya buga hatimi.

Da za a fita da shi, Alƙali ya ce a bar matarsa ta yi masa sallama. Ta matso ta durƙusa kusa da shi, takarda a hannunta.

"Maigida," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "don na sauke zanen ka zo?"

"Wane zane?"

"Na kan bene. Ruwa ne ya taso, ni kuma..."

"Haba, uwar gida," ya ce, har da ɗan murmushi. "Ai idanuna sun tsufa. Tun bara ba na hango benen nan daga hanya. Shelar sanƙira na ji, na tsaya neman hanyar sulalewa ne kawai. Yaya jaririn? An ce namiji ne."

"Namiji ne."

"Madalla. Ki gyara kwatar nan kafin damina ta yi nisa."

Ta san ƙarya yake yi. Mutumin da yake hango ƙurar 'yan fashi tun sauran ayari ba su ga komai ba, shi ne zai kasa ganin farin zane a kan bene? Amma ta gane abin da yake yi mata, don ita ma ta taɓa yi masa irinsa, sai ta haɗiye kukanta ta ce, "To, maigida. Zan gyara." Kafin azahar aka zartar masa da hukunci a bakin kasuwa.

Abin da tarihi ya riƙe bayan haka kaɗan ne. Lissafin Waziri bai fita ba, domin Yarima ya sami wani jagoran, hatsi bai yanke wa rundunarsa ba. Kafin damina ta ƙare Sarkin Ƙofa ya ci amanar ubangidansa ya buɗe ƙofar arewa, Yarima ya shiga ya hau gadon ubansa, ƙanensa ya mutu a kurkuku, Waziri kuwa aka fitar da shi filin nan da ya cika da mutane, aka rufe ƙofa. Sabon Sarki bai manta madugun da ya gudu daga sansaninsa ba, ya aiko a ƙwace duk abin da ya bari a kori iyalinsa. 'Yar marini ta fito zaure ta miƙa wa manzanni takarda mai hatimin Alƙali. Suka karanta, suka koma suka gaya wa Sarki mutumin bai bar komai ba sai sanda.

Sarakuna biyu da Waziri sun yi ta juya birni suna ganin su ke da ikon cewa wannan na wane ne, kuma cikinsu babu wanda ya san inda zai kwanta a ƙarshe. Ikon da ya ƙone takardun gari a yini ɗaya bai iya raba tsohuwa makauniya da ɗakinta ba, saboda mutum ɗaya ya yarda ya tona asirin kansa ya mutu. Allah shi ne mai mulki, saura duk aro aka ba su.

Ita kuwa ta rayu har ta ga auren jikan nan nata, kuma ba ta sake shanya farin zane a benen ba. Bayan an yi zaman makoki maƙwabta suka fara gyara bakinsu, suna cewa gidan 'yar marini, don su wanke laifinsu. Ran da ta ji, sai ta ɗauki mayafinta, ta sake bin unguwa gida-gida kamar yadda ta yi tana amarya. A kowace ƙofa magana ɗaya take faɗa: "A takarda nawa ne, maigidana ya riga ya biya wannan. A bakinku kuwa ku bar masa."

Ganuwar ta zube tuntuni, rijiyar ta ƙafe, takardar ma babu wanda ya san inda take. Amma in ka je unguwar ka tambayi yaro ko babba, gidan madugu za su nuna maka.